Ja Na Ba Ka

Shekarar da fari ya cinye shanun Manu, abin da ya rage masa sandarsa ce da igiyoyin ɗaure maruƙa. Ya zauna a rugarsu da ke gefen Dudunni, ba kiwo ba noma, har goggonsa Hawwa'u ta gaji da ganinsa haka. Ta aika Kankia aka kira mata ɗanta Dikko.

Dikko ya daɗe da barin bin shanu. A lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa ƙasa, ko'ina ana gina azuzuwa da kwalbatoci, shi kuwa ya sami kwangila tun da wuri, ya je Makka, ya gina gidan siminti. Uwarsa ta ce ya ba ɗan'uwansa haɓɓanaye. Wannan tsohuwar al'ada ce ta makiyaya: mai shanu yakan ba wanda ya rasa aron saniya, ta zauna a hannunsa har ta haihu sau uku. 'Ya'yan na mai riƙo ne, uwar kuma ta koma wa mai ita da lafiyarta.

"Inna, ni ban da saniya," in ji Dikko. "Motoci gare ni."

"To ba shi mota," in ji ta.

Bai so ba, amma bai iya musa mata ba. Aka kawo wata jar Fijo a-kori-kura gaban Arɗo Bube, shugaban rugar, aka yarda a ɗauke ta a matsayin saniya. Damina uku za ta tsaya a madadin haihuwa uku, kuma duk abin da ta samo na Manu ne. Dikko ya koma gari yana gaya wa abokansa cewa kafin wata ya ƙare ɗan dajin nan zai jefa ta rami, ya dawo yana roƙon aikin gadi a ƙofarsa.

Manu bai jefa ta rami ba. Ya koyi tuƙi, ya riƙa ɗaukar mata masu nono da buhunan gero da awaki tsakanin Kusada da Kankia. Da abin da ya samu ya sayi karsana huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su a inda garkensa na dā yake kwana. Su ne 'ya'yan motar, kuma su ne duk abin da ya mallaka. Mutane suka riƙa yabon hankalinsa, kowane yabo kuwa in ya isa kunnen Dikko sai ya ji kamar an mare shi.

Akwai wani abu kuma. Su biyun taubasai ne, Manu ɗan namiji, Dikko ɗan mace. A al'ada ɗan namiji yana kiran ɗan mace bawansa, su zagi juna a bainar jama'a, ba mai fushi. Da suna yara wasa ne. Yanzu da Dikko ya zama Alhaji, kalmar tana ƙona shi, shi ma ya koyi cusa ƙiyayyarsa cikin wasan. Mutane su yi ta dariya, ba su san gaske ake yi ba.

Goggo Hawwa'u ta rasu a damina ta uku. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba Dikko ya zo tashar Kankia, ya sami Manu yana sauke buhuna.

"Bawana, ka zo gaishe ni?" in ji Manu, kamar yadda ya saba.

"Na zo ganin dukiyata, ubangidan da ba ya da gida," in ji Dikko. 'Yan tasha suka yi dariya.

Ya zagaya motar a hankali. Rana ta shekara uku ta ci fentinta, jan ya koɗe, ya koma kamar jar ƙasa da aka barbaɗa wa toka. Dikko ya ja yatsa a jikin ƙofa, ya ɗaga yatsan kowa ya ga garin da ya manne masa.

"Mi na ba ka gaban Arɗo?"

"Mota."

"A'a. Saniya muka ce. Wace iri?"

Manu ya dubi motar. "Ja."

"To wannan fa? Kai da ka tashi cikin shanu, in ka ba mutum jar saniya ya kawo maka mai ruwan toka, taka ce?"

Aka sake yin dariya, amma Manu bai yi ba, don ya ga idon Dikko.

"Ja na ba ka, ja za ka maido mani," in ji Dikko. "In ba ja ba ce, tawa ta ɓace a hannunka, ka kuwa san hukuncin. Ɗiyanta zan kwance. Kuma kada ka kai ta a shafa mata jan wani. Saniyar da aka rina ba tawa ba ce. Da an gama yankan dawa mu haɗu gaban Arɗo."

Da Manu ya koma ruga ya gaya wa matarsa Kubura, sai ta fito ta tsaya tana kallon motar. Ita aikinta ƙorai ne, ta san yadda ake dawo da hasken wadda ta bushe. Ta ɗebo man shanu a tafin hannu ta murza a jikin ƙofa. Nan take wurin ya yi ja wur, kamar ranar da aka kawo motar.

"Ka gani? Jan yana nan," in ji ta. "Ƙishi take ji."

Suka shafe motar kaf da man da Kubura ta tara don kasuwa. Washegari Manu ya shiga Kankia cikin mota mai ƙyalli, amma kafin azahar rana ta narka man, ƙurar hanya ta manne, ƙudaje suka rufe ta, ga warin tsami. Fasinjoji suka ƙi jingina da ita. Dikko ya ji labari ya zo da kansa.

"Ku zo ku ga ubangidana zai soya mota!" ya ce da ƙarfi. "A kawo albasa!"

Manu ya wanke ta da sabulu har sau uku. Da ta bushe, tokar ta dawo yadda take. Sai dai ya riga ya ga abin da ya gani: jan bai tafi ko'ina ba, yana ƙarƙashi.

Ya tafi wurin Kabo, mai gyaran jikin mota da fenti, shi kaɗai ne a garin. Motocin Dikko ne cike da filinsa. Kabo bai ko miƙe daga tsugunon da yake ba.

"Saman fentin ne ya mutu. Inji ake sa mashi da man goge fenti, a cire mataccen," in ji shi. "Ni ban da lokaci."

"Ko bayan mako ɗaya?"

"Ko bayan shekara. Kana ganin motocin wa ke nan? In kana jin kai gwani ne, tahi wurin Dauda ka sayi injin ka yi da kanka."

Ba'a ya yi masa, amma Manu ya tafi.

Shagon Dauda yana bakin titin da ya taho daga Kano ya nufi Katsina. Kayan aikin makanikai da na masu walda yake sayarwa, yana da janareto a bayan shago. Mutum ne mai gajen haƙuri, wanda ya ɗauka duk wanda ya shigo da sanda a kafaɗa ɓata masa lokaci zai yi. Ya saurari Manu yana sakace haƙori, sannan ya jawo inji biyu daga ƙarƙashin kanta ya dire su.

Na farko babba ne, baƙi, mai hannu biyu, jikinsa duk ƙarfe. Na biyu ƙarami ne, ruwan ɗorawa, kusan rabinsa roba. Kowanne yana da faifai a baki, wanda ake sa wa hular gashin tunkiya.

"Ka taɓa riƙa irinsu?" in ji Dauda.

"A'a."

"To ɗauki ƙaramin ka ba ni wuri."

"Mi ya sa?"

Dauda ya yi tsaki, amma ya tada janareto ya jona babban. Injin ya yi kuka, faifan ya juya har ba a ganin gashinsa, iska tana kaɗa rigar Manu. Ya kashe ya jona ƙaramin. Shi wannan faifansa ba ya juyawa wuri ɗaya, karkarwa yake yana ɗan zagayawa, da ƙara kamar ta ƙudan zuma.

"Wanga babban gudu ɗaya gare shi, kuma ba ya jira," in ji Dauda. "A hannun wanda ya iya, yini ɗaya ya gama mota. Amma zafi yake tarawa. Ka tsaya wuri ɗaya, ko ka danna, ko ka hau kan kusurwa, sai ya cinye fentin har ƙasa. Fentin mota bai kai kaurin bawon albasa ba. Ƙaramin ba ya ƙona komai, ko ka yi barci a kansa. Sai dai za ka yi kwanaki, kafaɗarka ta gaya maka. Na 'yan koyo ne."

Manu ya ɗaga ƙaramin, ya ji shi sakayau. Ya ɗaga babban, nauyinsa ya ja hannunsa ƙasa. Duk rayuwarsa da nauyi da faɗin ƙirji da ƙarfin murya yake zaɓen abin kirki a kasuwa. Bai taɓa ganin an bar bijimi an ɗauki maraƙi mai rawar ƙafa ba. Duk da haka maganar ƙuna ta tsaya masa a rai, ya sake kai hannu kan ƙaramin.

A daidai nan Dikko ya shigo. Kabo ne ya aika masa, ya taho da mutum uku daga cikin masu zama a ƙofar gidansa.

"Dauda, mi ubangidana ke saye?"

"Injin goge fenti, Alhaji. Na ce ya ɗauki na 'yan koyo."

"Ka kyauta! Ba shi, ba shi. Ka haɗa mashi da jan ƙyalle ya ɗaura a baya, kowa ya san ɗan koyo ne ke tahe. Ai shi komai nashi na koyo ne. Kiwo ya koya, shanu suka mutu. Yanzu ga shi zai yi wa mota susa da abin wasan yara."

Mutanen suka bushe da dariya. Wani ya ce, "Kai, taubasan nan ba su gajiya."

"Fari ne ya kashe shanuna, bawa," in ji Manu a hankali. "Kai kuwa da ƙafarka ka gudu ka bar na ubanka."

"Na gudu na dawo da mota. Kai da ka tsaya, mi ka dawo da shi? Igiya?"

Manu ya janye hannunsa daga kan ƙaramin injin. Ya ɗauki babban ya rungume.

"Wanga nake so."

"Malam, na gaya maka," in ji Dauda.

"Na ji. Wanga nake so."

"Kai ka sani. In ka ƙona ta kada ka ambaci sunana."

Da yake babu lantarki a ruga, Dauda ya yarda ya yi aikin a bayan shagonsa. Ya ba shi gwangwanin man gogewa, mai kauri kamar kunun kanwa, da ɗan yashi-yashi a cikinsa. Ya nuna masa sau ɗaya, cikin faɗa: a wanke motar ta bushe, a sa ta a inuwa, a ɗiga man kaɗan, a kwantar da faifan daidai, hannu kuma kada ya daina tafiya.

Da safe Manu ya fara da ƙofar direba. Da ya kunna injin sai ya fizge shi gefe, man ya fantsama masa a fuska. 'Yan kallo, waɗanda tuni suka taru, suka yi ihu. Ya goge idonsa, ya gyara tsayuwa kamar zai kayar da maraƙi, ya sake gwadawa. A karo na uku ya gane cewa ba a kokawa da injin, bin sa ake ana karkata shi. Faifan ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa, sai ga ja ya fito, mai zurfi, har yana ganin inuwar hularsa a ciki.

Kubura, wadda ta kawo nono kasuwa ta tsaya kallo, ta ga gashin tunkiyar ya rine ja.

"Manu, jini take yi!"

"Mataccen ne ke fita," in ji Dauda daga bakin ƙofa. "Amma ki gaya mashi mai ran ma haka yake fita."

Kafin rana ta take ya gama ƙofofi biyu da gefe ɗaya. 'Yan kallo suka daina ba'a, wasu har suna matsowa su duba fuskarsu. Manu ya ji daɗi ya kama shi, ya fara ganin Dauda tsoro kawai ya ba shi.

Sai ya zo kan murfin inji. A nan rana ta fi yin ɓarna, kuma a kan doron da ya ratsa tsakiyar murfin akwai wani tabo da ƙaron itacen bedi, wato dogon yaro, ya bari, don a ƙarƙashin bedi yake ajiye motar a tasha. Ya wuce ta kansa sau biyu, tabon bai tafi ba.

Dikko ya iso tun ɗazu, yana tsaye da hannuwa a baya. Jan da ya gani a ƙofofin bai yi masa daɗi ba.

"Ga kaska nan ta maƙale a goshi," ya ce. "Ko ita ma tawa ce? Danna mana, ubangida. Halan ƙarfin ya ƙare? Kubura, ba ki dama mashi fura ba?"

Manu ya san yadda ake cire kaska: a kama wuri ɗaya, a matsa, kada a saki sai ta fita. Ya karkata bakin faifan ya ɗora a kan tabon, ya sa nauyinsa.

"Kai! Ɗaga!" Dauda ya daka tsawa.

Kukan injin ya hana shi ji. Abin da ya fara isa gare shi wari ne, kamar na roba a wuta. Ya ɗaga. Tabon ya tafi, jan ma ya tafi. A tsakiyar murfin ga wani wuri kamar faɗin tafin hannu, launin toka, da ɗan farin ƙarfe yana leƙowa a tsakiya, gefensa ya yi baƙi-baƙi.

Dikko ya matso ya duba da kyau, ya taɓa, ya janye yatsa don zafi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ku shaida, tawa ba ta da fari a goshi." Ya juya wurin Kubura. "Ki ba karsanan nan dusa da kyau kafin in zo. Ba na son ramammu."

Wannan karon mutum biyu ne kawai suka yi dariya, su ma suka yi saurin dainawa.

Bayan an watse Manu ya zauna a kan dutse, injin yana gabansa. Can sai ga Kabo ya ɓullo ta bayan shago, yana waige-waige.

"Ina da ragowar ja," ya ce ƙasa-ƙasa. "In ɗan feshe maka wurin, ba mai ganewa."

Manu ya dube shi. Ko tausayi ne, ko Dikko ne ya turo shi don a kama shi da rini, bai sani ba.

"A'a," ya ce.

"To zauna nan, ɗan daji."

Da Kabo ya tafi, Manu ya ɗauki babban injin ya shiga shago ya ajiye a kan kanta. Dauda bai ɗago ba.

"Ba ni ɗayan."

"Wane?"

"Na 'yan koyo."

Dauda ya ɗago ya dube shi. Ya miƙa masa ƙaramin, ya haɗa da sabuwar hula.

"Wanke ta duk sanda ta cika. Kusurwa kuma da hannu za ka bi, da tsumma."

Sauran aikin ya ɗauke shi kwanaki. Ƙaramin injin ba ya sauri, sai an bi wuri sau da yawa kafin ja ya fito, karkarwarsa kuma tana sa yatsu su mutu. Ba wanda ya ƙara tsayawa kallo, don babu abin gani. Ya gama rufi, ya gama ɗaya gefen, ya bi akwatin baya, ya zagaye ƙunar a hankali har jan ya zo daf da bakinta. Ƙunar kuwa ya shafa mata ɗan man inji don kada tsatsa ta kama, ya bar ta a fili.

Da aka gama yankan dawa aka taru da hantsi a ƙofar Arɗo Bube. Motar tana tsaye a tsakiya. Karsanan huɗu suna ɗaure a gefe, don Dikko ya ce a kawo su kusa, har ya zo da mutumin da zai kora su.

Arɗo tsoho ne ƙwarai, bai taɓa shiga mota ba sai sau ɗaya, bai kuma ji daɗinta ba. Ya tashi da sandarsa ya zagaya ta yadda yake zagaya saniya a kasuwa. Ya shafa gefenta, ya leƙa ƙarƙashi, ya bugi taya da sanda. Ya tsaya a kan ƙunar.

"Dikko, mi ka ce?"

"Baffa, ja na ba shi, ba tabo. Ga ta da fari a goshi. Ba tawa ba ce."

"Manu, wa ya yi mata wannan?"

"Ni ne, Baffa."

"Da mi?"

"Da inji. Zafi ya yi yawa ya ƙone ta."

"Kana dukanta ne, ko kana wasa da ita?"

"Ina gyara ta ne. Fatarta ta mutu, ina neman in dawo da ita."

Arɗo ya gyaɗa kai ya koma kan buzunsa.

"To ai wannan lalas ne," ya ce.

"Lalas kuma?" in ji Dikko.

"Ka daɗe a gari har ka manta? Saniya ta yi ciwo, a sa ƙarfe a wuta a ɗora mata don ta warke. Tabon ba ya ɓacewa, gashin wurin ma wani lokaci fari yake fitowa. Tun da nake ban taɓa jin an ce saniya ta zama wata don an yi mata lalas ba. Ban kuma taɓa jin an ƙwace ɗiya a hannun mai riƙo don ya yi wa uwa magani ba, ko da hannunsa ya yi nauyi."

"Baffa, wane irin lalas? Wannan mota ce! Ƙarfe ce! Ya lalata mani fenti!"

"Mota ce yanzu?"

"Kowa na gani mota ce!"

"To in mota ce, ni ban san hukuncin mota ba, sai ka tahi wurin alƙali. Amma ka sani, can ba za a tambayi launinta ba, lambarta za a duba, kuma ba a san mota da ɗiya ba balle a ba ka su. Nan ka kawo ta ka ce saniya, ka kafa sharaɗinka a kan saniya. Zaɓi ɗaya, ɗana. Rana tana yi."

Dikko ya dubi mutanen da ya zo da su. Kowannensu ya sami abin kallo a ƙasa.

"Sai dai akwai laifi ɗaya," Arɗo ya ci gaba, ya juya wurin Manu. "Ba a ɗora wa dabbar aro wuta sai an sanar da mai ita. Shina tsaye a wurin, na ji, amma ba ka nemi izninsa ba. Tashi ka ba shi haƙuri."

Wannan ya yi wa Manu nauyi fiye da duk kwanakin da ya yi yana gugar motar. Ya tashi, ya je gaban Dikko, ya durƙusa a gaban jama'a.

"Na ƙona maka dabba ban tambaye ka ba. Ka yi haƙuri."

Dikko ya miƙa hannu kawai, Manu ya sa masa makulli. Kubura ta kawo ƙwaryar kindirmo, wadda akan ba mai saniya ranar da ya zo karɓar abarsa. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi Kubura, ya kewaye ta ya wuce.

"Shan nonon ba dole ba ne," in ji Arɗo, yana magana da jama'a. "An maido, an karɓa. Ku kwance wa Manu shanunsa."

Mutumin da aka kawo don kora shanu shi aka sa ya tuƙa Fijon. Bai iya sosai ba, ta mutu masa sau biyu kafin su hau hanya.

Bayan mako biyu Manu yana kiwo a gefen hanyar Kusada, a cikin karan dawa, sai ya ji kukan injin da ya sani tun kafin ya ga motar. Ta wuce da buhunan siminti a baya. An fese ta fari fat, daga goshi har wutsiya, fentin ma bai gama bushewa da kyau ba, ƙura ta manne masa. Direban ya yi masa ham, Manu bai san ko gaisuwa ce ko tsokana ba.

Ya bi ta da ido har ta sha kwana. Da ya waiwayo, ƙaramar karsanar ta tsallaka kunya ta nufi gonar waken wani da ba a riga an roɗe ba. Ya ɗaga sanda ya bi ta da gudu yana kiranta.